Tocilar da Ta Ƙi Mutuwa a Rijiya

Shekaru sun shafe mini abubuwa da yawa, amma wannan da zan ba ku labarinsa ba na jin zan manta da shi har ranar da za a sa ni a kabari. Ya faru ne a shekarar da rana ta yi husufi da hantsi, gari ya dushe, mutane suka bar kasuwa suka cika masallatai. Bayan wannan da kamar wata guda, bazara ta tsananta, rijiyoyin ƙauyukanmu na Arewa suka fara ba da laka maimakon ruwa.

A lokacin ina ɗinki a Dogon Dutsi. Ban yi lakwal ba, wato makarantar boko, karatun allo na yi, kuma duk abin da nake son tunawa da ajami nake rubuta shi a wani kundi nawa. Allah Ya jarrabce ni da son tocila. Ba sana'a ba ce, don ban taɓa sayar da ko ɗaya ba. Ranar kasuwa nakan bi masu tsofaffin kaya in tattaro matattun tociloli, in na rufe shago bayan la'asar sai in baje su a tabarma. In cire ƙwan nan mai jan haske, in sa ƙananan fararen ƙwayaye da nake cirewa a gindin ƙyastun roba. In goge kwanon da ke mayar da haske da toka da auduga har ya ɗauki ido. Dalma kuwa da ƙusa nake narka ta, in ɗora ƙusar a garwashi sai ta yi ja. Kowace tocila na gama, sai in kunna ta in bar ta, in rubuta a kundi tsawon lokacin da ta yi kafin ta mutu. Mai ɗakina takan ce da a ce tocila na girki, da na daɗe da sallamarta.

A wannan bazara na gama wadda ta fi duka. Na yanke gindin wata tocilar ƙarfe, na haɗa ta da guntun bututun roba don ta ɗauki manyan batura shida. Na jera su uku-uku gefe da gefe, saboda na sha ƙone ƙwayaye kafin in gane cewa ƙarfi in ya yi yawa kashe su yake yi. Na naɗe mahaɗanta da robar tayar keke, na toshe da kakin zuma, na ɗinka mata rigar fata da maɗauri. Na tsoma ta a randa tana ci, ta wuni a ruwa, na fito da ita lafiya. Ni kaɗai na san irin girman kan da ya shige ni a ranar. Allah Ya yafe mini.

Ina da taubashi, ɗan kawuna, wanda ya girme ni da shekara biyu. Gidansu na wani ƙauye gaba da Matankari, a hanyar yashin da ke bi zuwa Sukukutane. Sana'arsu ta gado haƙar rijiya da yasarta. Kawu ya tsufa ya daina shiga, sai dai ya tsaya a baki yana ba da umarni, ɗansa ke sauka. Da yake shi ɗan namiji ne ni ɗan mace, bawansa yake kirana, ni kuma in ce masa gafiya, tunda rabin rayuwarsa a rami yake yi. Ba mu taɓa haɗuwa mun rabu ba tare da wani ya ji kunya ba.

Suna da wata al'ada da na daɗe ina ƙyama. Kafin mutum ya shiga rijiyar da ta daɗe a rufe, sai su kunna aci-balbal, su sa ta a ƙwarya, su zura da igiya har ƙasa. Wannan suke kira tambaya. In wutar ta isa ƙasa tana ci, sai su ce mai ɗaki ta yarda, wato doguwar da suke cewa tana zaune a ciki. In ta mutu a hanya, ba ta yarda ba. Sai a bar rijiyar a buɗe kwana uku ko bakwai, kullum ana ɗaura ganyen bedi, wato darbejiya, a igiya ana zurawa ana ja, wai ana share mata ɗaki, sannan a sake tambaya. Ni a wurina wannan ragowar bori ce kawai. Na sha faɗa wa taubashina cewa Musulmi ba ya neman izinin iska, shi kuma ya yi dariya ya ce in je in faɗa wa Kawu da bakina.

Ranar da abin ya faru, na je ƙauyen ne musamman don in nuna masa tocilar. Aka ce mini suna wani ƙauye kusa, an kira su buɗe wata tsohuwar rijiya da aka rufe da itatuwa shekara da shekaru. Na iske su wajen hantsi. Rana ta riga ta yi zafi, mata sun jera tuluna da jarkoki a gindin wata bishiyar gawo suna jira, don rijiyar da suke sha ta ƙafe, sai sun yi tafiya mai nisa suke samun ruwa. Rijiyar tana da zurfi, ta haura gaba ashirin. In ka leƙa ba ka ganin komai sai baƙi, ga wani sanyi mai warin ruɓaɓɓen ganye yana tasowa.

An riga an yi tambaya sau biyu, jiya da yau, duk wutar ta mutu kafin rabi. A gabana Kawu ya sake kunnawa ya zura. Muna kallon ƴar wutar tana sauka, tana ƙanƙancewa, ta koma shuɗiya, sai ta ɗauke kamar an sa yatsa an danne ta. Babu iska, ko ganye ba ya motsi.

Kawu ya naɗe igiyarsa ya ce, "Ba ta yarda ba. Sai bayan kwana ukku."

Wata mata daga gindin gawo ta ɗaga murya ta ce, "Baba, kwana ukku kuma? Da mi za mu dafa tuwo, da yawu?"

Na ga taubashina ya sunkuyar da kai. Shi mutum ne mai jin kunyar a ce ya kasa. A nan Shaiɗan ya sami ƙofa a bakina. Na ciro tocilar daga jaka na ce, "Kawu, fitilarka ce ba ta da ƙarfi. Lagwani da man gyaɗa a wannan zamani? Bari a tambaye ta da wannan, mu ga ko za ta iya hure ta."

Taubashina ya karɓa ya jujjuya ta ya ce, "Bawana, wagga tocila ce ko taɓarya?"

Na ce, "Gafiya, kunna ka gani."

Ya kunna, duk da hasken rana sai da mutane suka kare ido. Muka ɗaura ta a igiya muka zura. Ta wuce inda wutar Kawu ke mutuwa, ta ci gaba, ta isa ƙasa. A karo na farko cikin shekaru aka ga gindin rijiyar: laka baƙa, guntayen itace, da ɗan ruwa yana ƙyalli a gefe. Mata suka taso suna guɗa. Na juya na dubi Kawu na ce, "To, ga shi ta yarda."

Kawu bai dubi rijiyar ba, ni ya duba. Ya ce, "Ɗan ƙanwata, wagga ba ta tambaya ba. Ta shiga dai ba sallama."

Mutane suka yi dariya, har da ni. Taubashina ya tuɓe riga ya ce, "Baba, ka ga mata na jira. In na ji ba daidai ba, sai in ja igiya." Kawu ya hana shi sau biyu. Na sa baki na ce, "In tsoron doguwa kake ji, faɗa mana, a san gafiya ta tsufa." Wannan maganar ita ta zura shi, ba igiya ba. Na san haka tun a lokacin.

Yadda suke sauka, mutum na zama ne a kan wata gajerar sanda da aka ɗaure a bakin igiya. Da Kawu ya ga ba zai hanu ba, sai ya taso ya ɗauko wata igiyar ya zagaya ƙirjin ɗansa ta ƙarƙashin hamata, ya ɗaure ta da babbar igiyar, ya ja kullin da haƙoransa da suka rage. Sannan ya koma gefe ya zauna, ya juya mana baya. Na rataya wa taubashina tocilar a wuya da hannuna. Maza huɗu suka riƙe igiya, ya yi bisimilla ya sauka.

Da farko muna jin muryarsa sarai, yana cewa a saki, a saki, yana zolayata cewa tocilar ta fi jaki nauyi. Da ya wuce rabi sai maganar ta fara ja, kamar ta mai jin barci. Ya yi wata ƴar dariya da ban taɓa jin irinta a bakinsa ba. Igiya ta yi sako-sako, alamar ya taka ƙasa. Muka kasa kunne. Sai muka ji ya yi sallama, a hankali, da ladabi, irin sallamar da ake yi wa babba. Ya dakata kamar ana amsa masa. Sannan ya ce, "A'a, Inna, bar shimfiɗar, ba zama na zo yi ba."

Na kira shi, babu amsa. Na sake kira da ƙarfi, muryata ce kawai ta dawo mini. Hasken da ke ƙasa ya fara juyawa sannu a hankali, ya bi bango, ya bi bango, sannan ya tsaya cak yana kallon sama, fari fat, kamar ido ɗaya da ba ya ƙiftawa.

Kafin wani ya motsa Kawu ya iso bakin rijiyar. Ban san tsoho na da irin wannan murya ba. "Ku ja! Ku ja, don Allah!" Muka kama igiya mu shida, nauyin ya zama kamar ana riƙe da shi daga ƙasa. Da ya fito, ya zame daga kan sandar tuntuni, igiyar ƙirjin nan ce kaɗai ta riƙe shi, kansa na lilo. Leɓensa ya yi toka-toka, idonsa a buɗe amma babu kowa a ciki. Maɗaurin tocilar ya zame ta kansa, ta zauna a can.

Kawu ya kwantar da shi a inuwa, ya sa aka matsa, ya yi ta danna masa ƙirji yana yi masa fifita da hularsa yana kiran sunan Allah. Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka ba. Can sai ya ja wani dogon numfashi mai ƙara. Aka ɗora shi a amalanken shanu zuwa likita. Ya rayu, alhamdu lillahi, amma bai dawo yadda yake ba. Hannunsa na dama ya kama rawa, maganarsa ta yi nauyi, bai ƙara shiga rijiya ba.

Tocilar kuwa ta ci gaba da ci. A kundina na rubuta cewa kwana ɗaya da wuni take yi. An ce mini kwana na biyar mutane na zuwa da rana suna leƙawa, tana nan tana kallonsu. Kwana na bakwai ta dushe ta koma kamar ƙwayar gero, amma ba ta mutu ba. Mata suka daina bin hanyar. A ƙarshe dattawan ƙauyen suka mayar da itatuwan suka rufe rijiyar, suka zuba ƙasa, hasken na nan a ciki. Yanzu na san cewa irin waɗannan ƙwayaye sukan daɗe suna ɗan ƙyalli bayan batir ya raunana. Na sani, amma ban taɓa samun wadda ta kai haka ba a duk waɗanda na haɗa.

Abin da ya biyo baya shi ne ainihin abin kunyata. Da labari ya bazu, sunana ya ɓace a cikinsa. Masu bori suka ce doguwa ta mare shi don ya shiga ɗakinta ba izini. Samarin gari masu wa'azi suka ce tsoro ne ya sumar da shi, da tauhidinsa na da ƙarfi da ba abin da ya same shi. Sauran mutane suka ce ga sakamakon ɗan da ya take maganar ubansa a gaban jama'a. Wannan ta ƙarshen ita ta manne masa. In yaro ya yi taurin kai a ƙauyen, da shi ake yi masa misali. Ni da na kawo tocilar, na kuma tunzura shi, na koma Dogon Dutsi na zauna a kan keken ɗinkina. Na je dubiya sau ɗaya, na kasa haɗa ido da shi. Da Kawu ya rasu bayan shekara biyu, na je gaisuwa na fito kafin a watse. Daga nan na ɗauke ƙafa. Ina salla, ina azumi, ina karanta Alƙur'ani, amma in na zo kan ayar da ta yi maganar ɓoye shaida sai in ji harshena ya yi nauyi.

An fi shekara goma a haka. Wata rana wani ma'aikacin hukumar ruwa, baƙo ne a garin, ya kawo mini ɗinki. Ya ga tocilolin da ke rataye a bango, hira ta kai mu ga rijiyoyi. Na ba shi labarin tambaya da aci-balbal, ina dariya, ban ce masa da ni a ciki ba. Bai yi dariya ba. Ya ce, "Malam, ai tsofaffin nan sun fi mu dabara. Rijiyar da ta daɗe a rufe, wata muguwar iska mai nauyi ke taruwa a gindinta, ba ta da launi. Abin da wuta ke bukata ta ci, shi mutum ke bukata ya numfasa. In wuta ta mutu, mutum ma mutuwa zai yi. Ganyen da suke zurawa suna ja, iskar suke korewa. Tocila kuwa ba ta numfashi, ko a kabari ka sa ta ci za ta yi."

Na ajiye almakashin da ke hannuna. Ashe ban kawar da camfi ba, ma'aunin da ke tsare ransa na karɓe na ba shi abin da ba ya iya gargaɗi. Kuma kada ku ɗauka washegari na tafi. Sai da na ƙara damina biyu ina cewa sai an gama noma, sai bayan Salla.

Ranar da na tafi wata Juma'a ce. Na same shi a ƙofar gida yana tufka igiya da hannu ɗaya da yatsun ƙafa, ya yi furfura fiye da ni. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce a hankali, "Wane ne wanga? Na taɓa yin wani bawa mai kama da kai, amma ya gudu."

Na durƙusa na faɗa masa duk abin da ma'aikacin ya ce. Ya saurara har na gama, bai daina tufka ba. Ya ce, "To, sai yanzu ka ji? Baba ya faɗa mini tun ina yaro. Ya ce abin da wuta ka ci shi mutum ka ci. Amma in ka ce ma mutanen ƙauye iska ce mara kyau, sai su ce ka toshe hanci ka shiga. In ka ce doguwa, kowa ya koma gida."

Na ce, "Ka sani, kuma ka shiga?"

"Na sani. Bawana ya ce na tsufa a gaban mata, ina zan sa kaina?"

Na tambaye shi abin da na daɗe ina tsoron tambaya, wa ya yi wa sallama a can ƙasa. Ya ajiye igiyar. Ya ce wata tsohuwa ce fara sol, ta shimfiɗa masa sabuwar tabarma ta ce ya kwanta ya huta, kuma bai taɓa jin son kwanciya irin na ranar ba. Na ce ma'aikacin ya ce wanda numfashi ya yanke wa yakan ga abin da babu. Ya ce, "Shi ya ce. Ni na gani." Ban yi masa gardama ba. Allah ne masanin abin da ke ɓoye.

Na ce ya yafe mini. Ya girgiza kai. "Tocila ba ni binka komi, da ƙafata na sauka. Abin da nika binka, ɗiyana sun tashi ana nuna ubansu da baki, kai kana Dogon Dutsi ana ce maka Malam. Nan ka ɗauki abin, nan za ka aje shi."

Na gane nufinsa. Bayan an sallame sallar Juma'a, kafin mutane su ɗauki takalma, na miƙe na nemi izinin liman. Na ce ni ne na kawo tocilar, ni na yi wa Kawu izgili, ni na tunzura ɗansa bayan uban ya hana shi sau biyu, kuma na yi shiru duk shekarun nan ana zaginsa. Wani dattijo daga ƙauyen da rijiyar take, wanda ya riƙe igiya a ranar, ya ce, "Gaskiya ne, muna wurin. Mu ma mun yi shiru."

Taubashina ya taso da sandarsa, ya zo gabana, ya miƙo mini hannun nan mai rawa. Na riƙe shi da hannu biyu. Ya ce, yadda kowa zai ji, "Na yafe, duniya da lahira. Amma ku duba mini shi, ƙato da gemu yana kuka kamar an ƙwace mishi fura." Mutane suka fashe da dariya, ni ma ina yi ina share ido.

Har yau ina haɗa tocila, don son abin bai bar ni ba. Amma na daina raina abin da na tarar mutane na yi tun kafin a haife ni, sai na zauna na tambayi dalilinsa, ko da sunan da suka ba shi bai yi mini daɗi ba. Na kuma gane cewa hakkin mutum ba ya raguwa don ka daɗe kana ɗauke da shi, kuma yawan salla ba ya sauke shi. Sai ka taka ka je inda mai shi yake, ka faɗa da bakinka a gaban waɗanda suka ji akasinsa. Na gode wa Allah da Ya bar mu da rai, ni da shi, har na samu na faɗa.